Shekara tara ina bin kaya a Kwatano

Ranar da kawuna ya tura ni Kwatano daga Maraɗi in riƙa bin masa kaya, a bakin mota ya ce mini, "Ɗana, ka riƙe takardu da kyau, kuma kada ka rabu da rediyo." Zancen takardu na gane shi. Na rediyo kuwa na ɗauka halin dattawa ne, waɗanda ba sa karyawa sai sun ji labaran safe.

Watannin farko idona yana kan teku. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Maraɗi da damina ba, ga shi an ajiye ni inda jirage ke jeruwa can nesa suna jiran layi. Na koyi abin da kowane yaron aiki ke koya: wace takarda ake fara kai wa 'yan duwan, wato kwastan, wane ofis ake sammako, da yadda kuɗin kwana ke hawa kan kwantena in kwanakin kyauta suka ƙare ba ka fitar da ita ba. Wannan na ƙarshe a aljihuna na ji shi. Lamba ɗaya na rubuta ba daidai ba, kwantena ta yi mako biyu a zaune. Kawu bai yi faɗa ba, ya dai zabtare albashina wata uku a jere.

Tarihin garin kuwa a Zango na fara jin sa, unguwar da yawancinmu ke sauka, daga bakin wani tsoho da mahaifinsa ya yi dako a tsohuwar gadar jirage. Shi ya sa na lura cewa gaɓar nan sam ba ta dace da jirgi ba: yashi ne miƙe, igiyar ruwa kuma mai kifar da kwalekwale. A da Wida, wani gari da ke yamma da Kwatano, ita ce tashar da duniya ta sani, wajen cinikin bayi, daga baya na manja. Kwatano ƙauyen masunta ce, sunanta ma a harshen Fon yana nufin bakin kogin mutuwa. Faransawa suka same ta da yarjejeniya a 1868, zamanin Sarki Glele na Dahome. Ɗansa Behanzin ya ce bai yarda ba, aka gwabza a 1890, aka sake a 1892, daga ƙarshe suka kama shi a 1894 suka fitar da shi daga ƙasar. Tun 1891 sun fara kafa gadar ƙarfe da ta tsallake igiyar ruwan. Jirgi ya tsaya nesa, ƙananan jirage su kwaso kaya, inji ya ɗaga su sama. Tsohon ya ce har mutane a kwando ake ɗaga su, Bature da matarsa suna lilo kamar buhun gyaɗa, kuma duk sanda ya faɗi haka sai ya yi dariya har da tari. Gadar nan ita ta kwashe wa Wida 'yan kasuwarta. Tashar zamani mai zurfi sai 1965 aka buɗe ta. Layin dogon da aka so ya kai Nijar ya isa Faraku a 1936, kilomita 438 daga teku, nan ya tsaya har yau.

Sannu a hankali na gane me garin ke ci. A Kano ana cewa mota 'yar Kwatano, alhali ko taya ba a ƙerawa a can. Shinkafar Tailan da Indiya da ke cika rumbuna, ba mutanen Benin ke cinye ta ba. Nasu na kansu da ke fita shi ne auduga da kashu. A lokacin, da yawan kayan da ke shigowa a takarda na wucewa ne zuwa Nijar, ta Faraku, Kandi, Malanbil, a haye gada zuwa Gaya. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, mun san da yawa ba a Maraɗi suke kwana ba, Ɗan Isa da Jibiya na kusa. Wato tasha a Benin take, amma masu sayen suna Nijeriya da Nijar.

A nan maganar rediyo ta fito fili. Farkon 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa. Na je filayen motoci na hanyar Seme, inda da ba ka samun wurin taka ƙafa don dillalai, na tarar ƙura ta rufe gilasai, wani yaro ya rubuta sunansa da yatsa a bayan wata Toyota. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya, ba a buɗe ba sai Disamba 2020, shinkafa kuma ta ci gaba da zama haramtacciya. Jirage ba su fasa zuwa ba, teku ba ta canza ba, amma daga kasuwar Dantokpa har masu babur ɗin haya masu rigar ɗorawa kowa ya ji a jikinsa. Da na saurari labarai yadda aka ce mini, da ban biya kuɗin tirela biyu ana saura kwana kaɗan a rufe iyaka ba, don an daɗe ana ta kurari daga Abuja.

Na uku ya fi ciwo, don namu ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, aka toshe gadar Malanbil. Na je da kaina duba motocinmu. Tireloli sun yi layi iya ganinka, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, wasu sun sayar da man tanki don su ci abinci. A bakin kogi masu kwalekwale ne ke cin kasuwarsu, suna haye da mutane da ƙullin kaya a ƙarƙashin gadar da aka yi don tireloli. Ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba, kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja.

Daga Malanbil na kira Kawu na zayyana masa komai. Ya yi shiru, ina jin rediyonsa na magana a gefe. Can ya ce, "To, ɗana, akwai wanda ka sani a Lome?"