Ɗaliban aikin gona da ƙofar ɗakin kaji

Ina da 'yar gonar kajin ƙwai a bayan garin Zariya, kuma duk shekara makarantun aikin gona kan turo mini ɗalibai don sanin makamar aiki. Yara ne masu ƙwaƙwalwa. Tambaye su hanyoyin hana cuta shiga gona, su zubo maka tiryan-tiryan kamar hadda. Amma da an zo ƙofar ɗakin kaji, sai ka ga yaro ya tsallake ruwan maganin da ake tsoma ƙafa, wai kada takalminsa ya jiƙe.

Shi ya sa a makon farko ba na barin kowa ya taɓa kaza. Aikinsu sauya ruwan maganin nan kowace safiya, da wanke mazuban abinci da na ruwa, da tsaron ƙofa. Tsaron ƙofar ya fi komai wuya, domin wanda za ka hana shiga galibi babba ne, dillalin ƙwai ko mai sayen taki da motarsa ta zaga gonaki kafin ta iso. Sai na koya wa yaro ya ce, "Baba, don Allah a dakata a nan, yanzu za a fito maka da kaya." Kiret ɗin kwali da ya je kasuwa kuwa ba ya komawa ciki, tunda ba ya wankuwa.

Mu da muka ga 2006, lokacin da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna, karon farko a gonakin kaji na Afirka, ba ma wasa da wannan. Ta sake dawowa a 2015, ta yi ɓarna a Kano. Akwai waɗanda tun daga nan ba su ƙara kiwo ba.

Rigakafin Gumboro (cutar da ke kama ƙananan kaji) da Lasota (rigakafin cutar Newcastle), waɗanda ake zubawa a ruwan shan kaji, su ma sai an nuna wa ɗaliban da hannu: a ɗauko a ƙanƙara, a guji ruwan famfo mai kulorin don yana kashe maganin, a ba kaji da sassafe bayan an ɗan bar su da ƙishi. Idan za a zagaya ɗakunan kaji, daga 'yan tsaki ake farawa, sannan manya.

Roƙona ga malamansu, a riƙa ba da maki a gonar makaranta, a ga wa ya sauya takalmi, wa ya binne mushe da zurfi. Ni kam ba na sa hannu a littafin ɗalibi sai na ga yana yin waɗannan ba tare da an tuna masa ba.