Ladan 'Yan Ƙarfe Biyar

Lahadi da dare, Samarun Zariya.

Yara sun yi barci, babansu yana tsakar gida da rediyonsa, ni kuwa barci ya ƙi zuwa. Bari in sauke abin da ke raina a nan ko na samu sauƙi.

Tun asuba na hura gawayi saboda dutsen guga, don wuta tun jiya da rana ba ta leƙo mu ba. Yau Lahadin farko ta wata, ranar Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo a majami'a don tunawa da mutuwar Almasihu, kuma mu matan zumunta ne da waƙa, dole zane da ɗankwali su fita a miƙe. Ina cikin guga sai ga saƙon Mama shugaba a waya: a zo da wuri, dattawa sun yanke shawara yau za a maido da 'yar'uwarmu daga horo. Ba ta kama suna ba, ba sai ta kama ba. Na tsaya riƙe da dutsen har sai da na ji ƙauri. Saura ƙiris in ƙona bakin zanen.

Bara mu goma sha biyu muka yi adashe, zubin dubu goma duk wata, ni ce uwar adashe. Matar nan ta roƙa a ba ta kwasa ta uku, wai kuɗin makarantar ɗanta. Wasu suka yi ta ɗari-ɗari, ni na tsaya mata. Bayan ta kwashe ta zuba sau biyu, sai ƙafa ta ɗauke. Wata bakwai ina cike gurbinta daga aljihuna, dubu saba'in cur, kuɗin da muka ware na taki. Masararmu ta bana shaida ce, duk wanda ya wuce ta gefen gonar ya ga yadda ta yi rawaya. Da magana ta kai gaban dattawa, ta rantse ta ba ni kuɗin a hannu. Wannan ƙaryar ce ta ja mata horo: wata shida a bencin baya, ba Jibi, ba waƙa. Daga baya ta amsa laifinta, ta kawo dubu ashirin. Saura hamsin.

Mun yi waƙarmu lafiya. Ni ke buga tulu, kuma hannu ya san aikinsa ko da zuciya tana wani wuri. Bayan magatakarda ya gama sanarwa, Baba Rabaran ya kira ta gaba. Ta rame, gaskiya. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta roƙi gafarar Allah da ta ikilisiya, aka yi mata addu'a, mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma na tafa, tafin da ba ya ƙara. Sai Mama shugaba ta kamo hannunta, ta duba bencinmu, ta ce, "Matsa mata." Duk faɗin majami'ar nan, kusa da ni.

Wa'azi daga Matiyu sura 20 ne, misalin mai gonar inabi da 'yan ƙwadagonsa. Na san shi tun ina makarantar Lahadi, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa son sa ba. Mutum ya fita da sassafe ya ɗauki ma'aikata, suka yi ciniki a kan dinari guda. Ya sake fita ƙarfe tara, da tsakar rana, da ƙarfe uku, har ƙarfe biyar na yamma yana ɗibar mutane. Da aka tashi, ya sa wakilinsa ya fara biya daga na ƙarshe, kowa dinari guda. Waɗanda suka sha rana tun safe suka yi gunaguni, kuma ni dai a ganina suna da hujja. Mu ma muna ɗaukar 'yan ƙwadago lokacin noma da girbi. Ka ba wanda ya yi sa'a ɗaya daidai da wanda ya wuni a duƙe, gobe ba mai zuwa maka da safe, kowa zai jira la'asar.

Baba Rabaran bai kauce wa wannan ba. Ya ce da wani manomi a cikinmu zai yi haka, da shi da kansa zai ja masa kunne. Amma ya ce mu duba aya ta 7, abin da 'yan ƙarfe biyar suka amsa da aka tambaye su dalilin tsayuwarsu: ba wanda ya ɗauke su ne. Ya ce ku je bakin tasha da hantsi ku ga su wa ake bari bayan an kwashe majiya ƙarfi. Tsoho ne, da mai tari, da wanda aka taɓa kamawa da ɗan hali. Dinari kuwa ladan wuni ɗaya ne, abincin gida na ranar. A ba mutum kashi ɗaya cikin sha biyu, an yi adalci, yaransa sun kwana da yunwa. Sai ya karanta tambayar mai gonar, ko baƙin ciki kake yi don na yi alheri, ya rufe Littafin ya yi shiru. Na sunkuyar da kai ina gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Abin da ya yi ta juyawa a kaina shi ne kalmar kanta. Mu Hausawa alheri a bakinmu yake wuni. A tambaye ka labari ka ce sai alheri, maƙwabciyata Hajiya ma haka take amsa mini kowace safiya ta kan katanga. Amma ka saurari karin maganarmu: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Alheri gadon barci ne. Duk a ciki akwai lissafi, ka yi don ya dawo maka. Ni ma da na tsaya wa matar nan, can ƙasan raina ajiya nake yi. To ga wani alheri da ake zubawa a kan wanda ba shi da abin ramawa, kuma kalma ɗaya muke kiran su da ita. Shekara nawa ina haddace Afisawa 2:8 da 9, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta wurin ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Ashe ina jin daɗin ayar ne muddin ni ce mai karɓa.

Da aka zo Jibi, aka karanta gargaɗin nan na 1 Korintiyawa 11, kowa ya gwada kansa kafin ya ci. Na yi tunanin in bar faranti ya wuce. Amma idan na ƙi ɗauka yau, duk bencin zai san dalili, kuma wannan ma wani girman kai ne. Dattijo ya miƙo farantin gurasa daga gefena, na ɗauka, na juya zan miƙa mata. Hannunta rawa yake. Na ga yatsunta duk sun tsattsage, irin tsagewar mai wankau, ƙumba ta cinye. Ban san wankau take yi yanzu ba. Da tiren ƙananan kofuna ya zo, rawar hannun ta sa kofunan suna ƙara, sai na ga na riƙe mata tiren da hannu biyu har ta ɗauka. Ban shirya yin haka ba. Ba kuma zan ce wani haske ya sauko mini ba, dubu hamsin ɗina suna nan daram a raina lokacin da nake haɗiyewa.

A ƙarshe aka ce a riƙe hannu a faɗi alheri. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu, da ƙaunar Allah, da zumuntar Ruhu Mai Tsarki. Kullum a guje muke faɗinsa, hankali ya riga ya tafi kan tukunya. Yau tafin hannunta mai kaushi yana cikin nawa, sai jimlar ta yi mini tsawo.

A bakin ƙofa ta tare ni, ta ɗan rusuna. "Yaya, ga wannan, ba yawa." Dubu uku ne a nannaɗe, da ƙullin daddawa a leda. Na ce na gode, Allah ya ƙara buɗi. Muryata a bushe, ni ma na ji.

Da la'asar na hau keke Napep zuwa Wusasa duba Goggo. Ta haura tamanin, ido ya yi rauni, amma baki na nan da kaifinsa. Tana zaune a ƙofar ɗaki, tsohon Littafi Mai Tsarkin marigayi mijinta a kan cinya, fassarar farko, ta su Likita Miller da ta fito a 1932, bangon an ɗinke shi da zaren buhu. Ba ta iya karanta shi yanzu, riƙewa kawai take yi. Takan ce Hausar cikinsa ta fi ta sabon daɗi, ni kuwa sai na yi ta tuntuɓe in ina karanta mata. Na zayyana mata komai, ina jiran ta taya ni jin haushi.

Ta yi dariya har da tari. "Ke 'yar nan, ƙarfe nawa kike tsammani aka ɗauki gidanmu?" Sai ta sake ba ni labarin babanta, kakana, Bamaguje daga wajen Malumfashi, wanda ya kori ɗansa na fari daga gida saboda ya bi masu wa'azi, ya hana shi gona shekara da shekaru. Sai da ya tsufa ya kwanta ciwo, ɗan nan da ya kora ne ya dawo yana juya shi yana share masa jiki. An yi wa tsohon baftisma daminar da ya rasu. "Ko kwandon baiko bai taɓa riƙewa ba," in ji Goggo. "Kina so a rage masa?"

Na ce Goggo, wannan daban, ni kuɗina nake magana.

Ta ce, "To karɓi kuɗinki mana, wa ya hana ki? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ta biya a hankali. Amma ba kuɗin ne ya hana ki tafi ba. So kike ta zauna a bencin baya har sai kin ce ya isa."

Ban amsa ba. Na tashi na ɗebo mata ruwa, na share mata ɗaki, na karanta mata Zabura 103 kamar yadda ta saba nema. Da na kai wurin da aka ce bai yi mana gwargwadon zunubanmu ba, ta ɗaga yatsa in maimaita. Na maimaita.

Da na dawo na yi miyar kuka da daddawar. Babansu ya ci ya ƙara, ya tambayi inda na saya, na ce ba ni aka yi. Bayan an kwashe kwanuka na ɗauko littafin adashe, na rubuta dubu uku a ƙarƙashin sunanta, saura arba'in da bakwai. Ban soke ba. Ina da kayan wanki da suka taru, na yi tunanin in kira ta in biya ta kamar yadda zan biya kowa, ba a cire daga bashin ba, sai kuma na ji tsoron kada ta ɗauka wulaƙanci ne. Ranar Alhamis akwai zumunta, kuma Mama shugaba ta riga ta turo jerin masu ziyarar marasa lafiya na wannan mako, biyu-biyu. Na duba. Mama ba ta san wasa ba.

Fitila ta fara lumshewa, ban yi cajinta ba.