Abin da na gani a hoton cikin mako 9

Cikina na fari sai da ya shiga wata na biyar na fara zuwa awo. Kunya ce ta hana ni. A gidanmu da ke Jekadafari, nan Gombe, mace ba ta buɗe baki ta ce tana da juna biyu, sai dai a gani a jikinta. Laulayi ya sa ni gaba, ko warin daddawa na ji sai amai, amma idan Goggo ta tambaya sai in ce zazzaɓi ne. Ranar da na je, sista ta ja fatar idona ta duba, ta ce, "Amarya, ina kika shiga duk watannin nan? Jininki ya yi ƙasa." Yarinyar ta zo lafiya, Alhamdulillahi, amma ni na ji jiki, sai da aka ƙara mini jini.

Da na yi ɓatan wata karo na biyu ban tsaya nauyin kowa ba. Cikin yana mako 9 aka tura ni hoto. Aka shafa mini wani mai sanyi a mara, likita ta juyo da allon wajena. Wani ɗan abu na gani, bai kai dabino ba, tsawonsa santimita 2 da ɗoriya, a tsakiyarsa wani ɗigo yana ƙiftawa da sauri. Ta ce, "Hajiya, zuciyarsa ke nan." Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ayar Suratul Muminun ce ta faɗo mini, wadda muka karanta a Islamiyya: gudan jini, tsoka, ƙasusuwa.

Ta yi mini bayanin cewa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake fara ƙirga, mako 40 ke nan. Wajen mako na 6 zuciya take soma bugawa, kuma a daidai nan ne abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yake rufewa. Shi ya sa ake son mace ta fara shan folik asid, ƙwayar bitamin da ke taimaka wa wannan rufewar, tun kafin ta ɗauki ciki. Kafin mako na 12 yatsun hannu da na ƙafa sun rabu, ƙoda ta fara aiki. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin duk aikin nan yana gudana ne a watannin da muke ɗaure zani tamau muna cewa babu komai.

Daga nan na riƙe awo. Ƙwayar ƙarin jini kullum, Fansidar bayan wata uku saboda zazzaɓin cizon sauro, allurar tetanus, kwana cikin gidan sauro duk zafin Gombe. A mako na 18 na ji motsin farko ina tankaɗen gari, kamar ɗan kifi ya gifta. A watan bakwai kuwa ya riga ya fara ji, da maigida ya yi sallama da ƙarfi sai ya harba. A mako na 36 sista ta lallatsa cikin ta ce kai ya juyo ƙasa.

Makon jiya ƙanwata, wadda aka yi bikinta bara, ta zo tana ta nuƙu-nuƙu, ta ƙi cin miyar kuka. Ban tambaye ta komai a gaban Goggo ba. Washegari na sa hijabina, na tsayar mana da Keke Napep, ni na yankar mata kati.