Alhamdulillahi, Mun Dawo Gida

Jiya bayan la'asar aka sallame mu daga asibiti, inda aka yi jinyar jaririyarmu da aka haifa da matsalar zuciya. Yarinya ga ta nan kwance gefen uwarta a ɗakinmu na Agege, tana shan nono ba haki, ba gumin nan na goshi. Sauran labarin kun sani, ba ni da ƙarfin maimaitawa.

Abin da ya ƙi fita a raina shi ne ranar da ta kwana ɗaya a duniya. Mun gama ɗaure kaya, har na kira mai keke, sai wata nas ta ce mu dakata. Ta naɗa wa yarinyar wani ɗan abu mai jan haske, na auna iskar oksijin a jini, a hannun dama, ta cire ta naɗa a ƙafa. Ta ce jariri mai lafiya 95 yake nunawa zuwa sama, tamu kuwa 84. Wallahi har na fara ɗaga murya, don a idona lafiyarta ƙalau. Ba ta tanka min ba. Leɓen yarinyar kawai ta ɗaga, ta nuna min dasashi da harshe sun yi shuɗi-shuɗi. Mu masu duhun fata ashe a baki ake dubawa.

Hoton zuciya ya nuna hanyar jini zuwa huhu ce ta tsuke. Likita ya ce akwai wata 'yar jijiya da jariri ke zuwa da ita, ita ke rufa asiri tana kai jini huhu, cikin 'yan kwanaki take rufewa. Da a gida ta rufe mana fa? Ya ce kusan jariri 1 cikin 100 da matsalar zuciya ake haihuwarsa, wata ƙarama, wata babba.

Nas ɗin nan, baiwar Allah, ki yafe min. Allah Ya duba 'ya'yanki yadda kika duba tawa.

Na san ba ku so a ambata, amma sai na faɗa. Iya maƙwabciyarmu Bayarbiya, da ta riƙe min yara manya kamar jikokinta. Abokan sana'ata na layin albasa a kasuwar Mile 12, da suka bar rumfa suka je ba da jini. Liman, da ya zo har ƙofar asibiti ya raɗa suna.

'Yan uwan da mota ɗaya ce tsakaninmu, amma waya ma sai don tambayar ranar walima, mun gode ku ma.

Allah Ya saka, Ya ninka, Ya ba marasa lafiyar da muka baro a can sauƙi, Ya raya mana ita bisa sunna. Amin.