Jirgin da ya wuce gida bai sani ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaishe ku daga jihar Ohio ta Amurka, da fatan kowa yana lafiya, gida da iyali.

A garin Dayton akwai gidan tarihi na rundunar sojin saman Amurka. Cikin manyan jiragen da suka cika zaurukansa, an ajiye 'yan tarkacen wani jirgi da tagar gilashi mai zane da aka ɗauko daga wata majami'a a Libiya. Yawancin masu ziyara wucewa suke yi. Labarin ne nake son ba ku, domin labarin hamada ne, ku kuwa kun fi mutanen nan sanin hamada.

Sunan jirgin Lady Be Good, samfurin B-24 mai inji huɗu, irin na jefa bama-bamai a yaƙin Hitila. Dattawan Kano da Maiduguri sun ga jiragen wannan yaƙi da idonsu, don ta filayen garuruwan biyu aka riƙa bi da su daga gaɓar Atlantika zuwa Khartoum da Masar.

Ranar 4 ga Afrilu, 1943, jirgin ya tashi daga filin Suluƙ kusa da Bengazi, cikin ayarin jirage 25, za su kai hari tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya. Mutum tara ne a ciki, matuƙinsu William Hatton. Dukkansu sabbin zuwa ne, wannan ne fitarsu ta farko fagen fama. Guguwar rairayi ta tashi tun a ƙasa, wasu jiragen suka juya, nasu ya ware daga ayari. Ya juyo gida shi kaɗai cikin dare.

Bayan sha biyun dare Hatton ya kira ta rediyo, ya ce na'urarsu ta gane hanya ta lalace, a faɗa musu inda za su dosa. Aka ba su layin da suke kai. Matsalar ita ce na'urar ƙasa ta wancan zamani layi kawai take nunawa, ba ta bambance ko jirgi yana tahowa ko ya riga ya wuce. Su kuwa iska na tura su ta baya, sun yi sauri fiye da lissafinsu. Suka ratsa ta kan filin nasu, suka nausa kudu kusan awa biyu, suna jiran ganin gaɓar teku da ta daɗe a bayansu.

An sha ɗora laifin kan mai duba musu hanya. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Yaro ne a tafiyarsa ta farko, ga duhu, ga na'ura ta mutu, amsar da aka ba shi kuma fuska biyu gare ta. Daga sama da dare, shimfiɗar rairayi da shimfiɗar ruwa kamanninsu ɗaya.

Da mai ya ƙare suka diro da laima, sanye da rigunan ceto na ruwa, don sun ɗauka teku ce a ƙasa. Laimar John Woravka ba ta buɗe sosai ba, ya mutu nan take. Sauran takwas suka haɗu wuri guda ta hanyar harba wutar alama. Jirgin kuwa ya ci gaba shi kaɗai wajen kilomita 26 kudu, ya sauka da cikinsa, ya karye biyu.

Suna tsammanin gaɓa na kusa, alhali sun yi nisan kimanin kilomita 700 cikin Sahara. Suka fuskanci arewa da rabin gorar ruwa su takwas, kowa murfi ɗaya a yini. Suna tafiya suna barin takalma da yankan laima da aka danne da duwatsu a matsayin kibiya, ko masu nema za su gani. Masu neman kuwa teku suka fi dubawa. Bayan kusan kilomita 130, biyar suka kasa. Uku suka ci gaba neman taimako, suka shiga tudun rairayin Kalanshiyo. Mataimakin matuƙi, Robert Toner, yana rubuta 'yan kalmomi kullum a littafin aljihunsa, kan zafin rana, sanyin dare, idanun da rairayi ya kashe, da addu'a. Rubutun ya tsaya ranar 12 ga Afrilu. Duk wanda ya taɓa jin labarin motar da ta lalace tsakanin Agadas da Dirku ya san kwana takwas a kan wannan ruwa ba ƙaramin abu ba ne.

Shekara 15 babu labari. A 1958 masu binciken man fetur na Birtaniya suka hango jirgin daga sama, aka isa wurin ta ƙasa a 1959. Busasshiyar iska ta adana komai. Rediyo na aiki, bindigar jirgin na harbi, ga ruwa da abinci a ciki. Da kudu suka bi, tafiyar yini guda ce tsakaninsu da wannan rediyo. Amma wa zai juya wa teku baya ya nufi cikin hamada, shi da ya yi imani gida na gabansa?

A Fabrairu 1960 aka samu gawarwakin mutum biyar tare da littafin Toner. A Mayu aka samu Guy Shelley da Harold Ripslinger can gaba, a Agusta aka samu Woravka. Aka kawo su Amurka aka binne. Vernon Moore ne kaɗai ba a tabbatar da gawarsa ba. Shi kuma jirgin, masu yawon hamada sun yi ta ɓalle sassansa, har hukumomin Libiya suka kwashe ragowar zuwa Tubruk a 1994.

A gaida mutanen gida. Wassalam.

Ɗan uwanku a Ohio