Aikin MRS a kan ƙarin ƙwaƙwalwa, yadda na same shi a Legas

Ni ma'aikacin ɗaukar hoto ne a wani asibiti nan Legas, injin MRI ɗinmu mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ne. Shi MRS, wato awon sinadaran cikin ƙwaƙwalwa da injin MRI ɗin, ba hoto yake ba ka ba, wani zane ne yake fitowa kamar haƙoran zarto, kowane tsini da sinadarin da yake nunawa. A ma'aunin da ke ƙasan zanen, tsinin sinadarin NAA yana kan 2.0, shi ne alamar ƙwayoyin jijiya masu lafiya, kiriyatin 3.0, kolin 3.2. In ka ga kolin ya yi sama NAA ya faɗi to ƙwayoyi na hayayyafa, in laktet da kitse suka fito wajen 1.3 galibi ƙarin mai zafi ne, cikinsa ya fara mutuwa. Meninjiyoma kuwa, wato ƙarin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, kusan ba ta da NAA, wani lokaci alanin kan leƙo kusa da 1.5.

Amma wallahi rabin aikin nan inda ka ɗora ɗan akwatin awo ne, wato gurbin da ka zaɓa a kan hoton don injin ya auna. Ka sa shi a tsakiyar ƙari inda ya ruɓe, kitse kawai za ka kwaso, ka matsa kusa da ƙashi ko inda jini ya taru zanen ya dagule gaba ɗaya, shi ya sa nake neman gefen ƙarin da ya sha maganin haske (wanda ake zubawa a jijiya don ƙari ya fito a hoto) in ɗora a nan, sannan in auna ɗaya ɓangaren mai lafiya don kwatance. Ga motsi kuma, shi ma yana dagula zanen. Mutanenmu na Agege da Idi-Araba in an kawo su ni ake kira, sai na ce "Baba don Allah ko yawu kar ka haɗiya da ƙarfi, ƙarar injin ce kawai ba abin da zai taɓa ka."

Abin da ya fi sa ni taka-tsantsan a nan tibi ne, wato tarin fuka. Kumburin tibi a ƙwaƙwalwa kan yi kama da daji a hoto, shi ma yana ba da tsinin kitse babba, don haka nake tambayar tari da rama da zufar dare tun kafin mutum ya kwanta. Raba giliyobilastoma, wato giliyoma mai zafi, dajin da ke tasowa daga ƙwaƙwalwar kanta, da dajin da ya yaɗo daga huhu ko nono ma sai ka auna gefen ƙarin, a giliyoma kolin kan hau har can.

Iyalai kan tare ni a ƙofa wai "Malam daji ne?" Ba ni ke faɗa ba, likita ne, shi ma sau da yawa sai an yanko tsoka an kai lab, tunda rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) na 2021 ya dogara sosai da gwajin ƙwayar halitta irin su IDH.