Takardar gwajin jini da murhun da ke cikin jiki

A watan da ya gabata na karɓi takardar gwajin jinina, na zauna a kan benci a farfajiyar asibiti ina duba lambobin da ke cikinta kafin a kira ni. Da na shiga, likita ya ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta HbA1c, wato ma'aunin matsakaicin sugan da ke cikin jini, inda lambar ta nuna 6.1, ya ce mini, "Malam, ba ka kamu da ciwon suga ba tukuna, amma kana bakin ƙofa." Ya bayyana mini cewa daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, daga 6.5 kuwa ciwon ya tabbata. Tun daga ranar nake karatu a kan abin da ke faruwa tsakanin kwanon abinci da wannan takarda, kuma karatun ya kai ni ga wani abu da ido ba ya gani.

A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda na fi fahimtarsu idan na kwatanta su da murhu. Tuwon da muka ci yakan narke ya zama suga, man da ke cikin miya yakan zama ƙananan ƙwayoyin maiƙo, sai mitokondiriya su ƙona su da iskar da muke shaƙa domin samar da sinadarin ATP, wanda da shi zuciya ke bugawa, ƙwaƙwalwa ke tunani, ƙafa ke tafiya. Masanin kimiyya Hans Krebs ya gano wani muhimmin zagaye na wannan aiki a 1937, wani masanin mai suna Peter Mitchell kuma ya bayyana yadda ake ƙera ATP ɗin a 1961. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, waɗannan sassa suna da nasu ƙwayoyin gado guda 37, kuma daga wajen uwa kaɗai ɗa ke gadonsu.

Duk macen da ta saba girki ta san cewa idan aka cika wa murhu itace fiye da kima, hayaƙi zai tashi maimakon wuta mai kyau. Haka lamarin yake a jiki. Idan abinci yana shigowa safe da rana da dare alhali tsoka tana zaune ba ta neman ƙarfi, mitokondiriya sukan fitar da wasu sinadarai masu kama da tartsatsi da ke lahanta ƙwayar halitta, ragowar maiƙon da ba a ƙona ba kuma yakan taru a cikin tsoka da hanta, ya hana su jin umarnin insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofar shiga. A nan ne sugan ke taruwa a jini. A 2004 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun duba matasa marasa ƙiba, 'ya'yan masu ciwon suga, waɗanda jikinsu ya fara ƙin jin insulin, suka samu cewa aikin mitokondiriyar tsokarsu ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan ya tsorata ni, domin mahaifina da wannan ciwo ya rasu, kuma bai taɓa zama mai teɓa ba.

Takardar gwaji labarin wannan murhu take bayarwa. Suga yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa suna rayuwa kimanin kwana 120, shi ya sa HbA1c ke nuna halin watanni biyu zuwa uku, ba na safiyar gwaji kawai ba. Wajibi ne mai sikila ya faɗa wa likita kafin gwajin, domin ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa, kuma lambar tana iya yaudara. Sai maiƙon jini da ake kira tiraigilisarayid, wanda ake so ya kasance ƙasa da 150; yakan hau idan hanta ta sha suga da yawa ta mayar da shi kitse. Idan waɗannan lambobi suka daɗe a sama, jijiyoyin jini ne ke biyan kuɗin, ta hanyar ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda da raunin gani.

Da na zauna na lissafa abincina na yini guda, ban ga laifin gero da dawa da wake ba. Na ga shayin safe mai cokali huɗu na suga da farin burodi, na ga farar shinkafa da lemon kwalba da rana, na ga malmala uku ta tuwo da dare sannan kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 25 a yini, wato ƙananan cokula shida, alhali kwalbar lemo guda ta zarce haka. Farar shinkafa kuwa an cire mata dusa, tare da mafi yawan bitamin B1 da mitokondiriya ke buƙata domin ƙona sugan da ita kanta shinkafar ta kawo.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne murhun yana gyaruwa. Tun 1967 wani mai bincike, John Holloszy, ya nuna cewa motsa jiki yana ƙara yawan mitokondiriya a tsoka. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, a kan mutane fiye da 3,000 masu irin matsayina, ya nuna cewa rage kashi 7 cikin 100 na nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, maganin ciwon suga mai suna metformin kuma ya rage shi da kashi 31.

Yanzu shayina cokali ɗaya ne, na daina lemon kwalba, na rage tuwo zuwa malmala ɗaya da rabi na ƙara miyar ganye, kuma kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da dafaffen wake sun dawo gidanmu. Bayan sallar isha'i nakan taka daga masallaci zuwa bakin titi in dawo, tafiyar rabin awa. Likita ya ba ni wata uku in koma a sake ɗiban jini, kuma na ajiye takardar farko a aljihun jakata domin mu kwatanta.